Makoki a Ƙarƙashin Garkar Tarana

Ka kau da kai, mai karatu, kuma kada ka yi musu. Akwai wata tsohuwar garka a bayan garinku wadda kakanninka suka kafa da hannunsu, jiya ma ka wuce ta kana latsa waya, ka ce ai hukuma ce ya kamata ta duba. Ka san sunan kowace mota da ke bin titi, amma ba ka san sunan itacen da ke riƙe da ƙasar da ka gina ɗakinka a kai ba. To, zauna ka ji abin da ya sami mutanen Tudun Sabara, waɗanda aka yi wa zaman makoki suna raye, suna cin shinkafa da miya.

Tudun Sabara gari ne a bakin wani ƙaton kwazazzabo. Tsakanin gidajen ƙarshe da bakin ramin akwai Garkar Tarana, lambun da babu dogon itace ko ɗaya a cikinsa, sai gajeru da masu yaɗo. Ga sabara, ga geza, ga anza da magarya da lalle, kowanne da abin da ya naɗe shi, wannan yaɗiya, wancan garahuni, na can dafara. Da can mata kan shiga su tsinko ganyen kwaɗo da na ƙunshi. Da gari ya samu, manyan motoci suka fara sauke buhunan shinkafa da taliya, sai yaɗiya ta zama abin kunya. Macen da aka gani da kwandonta, kafin ta isa gida an ce mijinta ya karye. Daga nan Ƙungiyar Ci Gaban Gari ta zauna, ta yanke cewa garkar kayan tarihi ce, kayan tarihi kuwa ba a taɓa shi. Aka zagaye ta da waya, aka sa ƙofar ƙarfe aka garƙame, shugaban ƙungiya Alhaji Korau ya jefa mabuɗin a aljihu. Aka tafa, aka sha lemo, aka watse. Wai an adana tarihi ke nan!

Gidan da ya fi kusa da garkar na Malam Nomau ne, tsohon da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Yana zaune da 'yarsa Ladingo mai ƙunshi, wadda ta dawo gabansa bayan rasuwar mijinta. Ita kanta lallen da take yi wa amare na leda ne, daga kasuwa. A bazarar wannan shekara ƙasa ta tsage a tsakar gidansu, tsagar ta kutsa ƙarƙashin bangon ɗakin tsohon.

Ladingo ta ce, "Baba, don Allah ka bari a ɗauke ka zuwa gidan Yaya kafin ruwa ya sauka."

"A ɗauke ni kamar buhun gero? A ɗakin nan aka yanke mini cibiya, 'yar nan. In ramin yana nemana, ya zo ya yi sallama."

"Rami ba ya sallama, Baba."

"To ba shi da tarbiyya. Ni kuwa ba na tashi don marar tarbiyya."

Wata rana da hantsi tana shara, sai ta ji kuka yana fitowa daga tsagar, kukan taro guda. Ta durƙusa ta kara kunne. Wata murya mai zurfi ta ce, "Allah ya jiƙan Ladingo 'yar Nomau, mai siraran yatsu. Allah ya sa ta huta." Muryoyi masu yawa suka amsa, "Amin."

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Ta dafa ƙirji, ta ji zuciya tana aikinta. Tsoro ya zo mata, haushi ya biyo baya ya ture shi. "Ni za a jiƙa? Kokon da na sha bai gama sauka ba!" Ta bi tsagar da kunne har gindin wayar garka, ta ɗaga wayar ta kutsa, zaninta ya yage a gefe. Ciki ya zama duhuwa, yaɗiya ta rufe hanyoyi. A tsakiya ta tarar da tsohuwar rijiya, wata dafara mai kaurin cinyar ƙato ta zura a cikinta, kukan kuwa daga can yake tasowa. Ta yi bisimilla ta kama. Dafara santsi gare ta. Kafin ta yi shawarar fasawa, ta riga ta zurare.

Ta faɗa a kan ƙasa mai laushi kamar gari. Da ta ɗaga kai, babu sararin sama, sai wata ƙasar a bisa, saiwoyi suna reto daga cikinta kamar daji ya kife. Wasu ƙwari masu haske irin na garwashi suna yawo a tsakaninsu. Ruwa kuwa daga ƙasa yake tashi ɗigo-ɗigo, yana hawa sama yana shiga saiwoyin.

Ba ta yi nisa ba ta iso wani fili cike da iri, kowace ƙwaya girman tulu, duk suna barci suna minshari. Wata gara mai girman jaki tana gadinsu, da sanda a hannu. Ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Ke baƙuwa, waɗannan 'ya'yan garka ne da suka zubo babu mai tsinta. Sun gaji da jira sun kwanta. Wuce a hankali. Wanda ya farka zai tsiro nan take, kuma abin da ya fara samu shi zai naɗe."

Ladingo ta tattare zani ta bi tsakaninsu a kan yatsun ƙafa. Ta kusa fita ke nan awarwaronta suka haɗu, ƙil! Wani irin garahuni ya buɗe ido. Ya fashe, ya fitar da toho, tohon ya miƙe ya biyo ta yana zuba ganye da furanni a guje. Ta zura da gudu. Ya kamo ɗankwalinta, ta sakar masa, ya tsaya yana naɗe shi da murna, ita kuwa ta tsira da kitsonta a waje.

Gaba kaɗan hanya ta ƙare a bakin kogin yashi, yana gudu yana ƙugi babu ɗigon ruwa. A tsakiyarsa yashin ya rabu biyu, wani baki ya buɗe, baki kawai, babu kai babu wuya, haƙoransa guntayen tubali ne da fasassun tukwane.

"Tsaya, 'yar Adam. Ni ne Hangamau, wanda kuke kira kwazazzabo. Ba a halicce ni da ciki ba, saboda haka ban taɓa ƙoshi ba. Ina za ki?"

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, zan je inda ake mini addu'ar mamaci ne, in ji dalili."

"Dalilin alheri ne gare ni. Masu riƙon saiwa sun gama makoki yau. Za su sauke hannu, ruwan farko ya sauka, in ci garinku daga garka har masallacin Juma'a. Amma kin gaishe ni da ladabi, kuma an daɗe ba a yi mini haka ba. Koma gida. Zan ci hagun ɗakin tsohonki, in ci damansa, in bar miki shi tsaye, ko ƙwayar ƙasa ba za ta zube daga bangonsa ba. Na rantse da yunwata."

Gaskiya Ladingo ta yi tunanin karɓa. Abin da ya fito da ita ke nan, ɗakin Baba. Ta tuna matan da suka yi mata dariya ranar da ta dawo gidan ubanta da akwati ɗaya. Sai kuma ta hango ɗakin a tsaye kan ginshiƙin ƙasa, rami ta ko'ina, tsoho a ciki yana jiran a yi masa sallama da safe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka cinye maƙwabta, wa zai zo ya yi musu da Baba a kan farashin goro? Ranar da ya cika, wa zai ɗauke shi? Na gode, amma zan wuce."

"To wuce ta bakina."

Ya taso mata, yashi yana zuba. Ta duba hagu da dama babu mafita, sai wata doguwar saiwar geza da ke reto a kanta. Ta daka tsalle ta cafke ta da hannu biyu, ta rataya da dukkan nauyinta. Nan take daga can nesa wani ya kurma ihu, "An ja! Jama'a, an ja tawa!" Saiwar ta yi sama da ita, ta wuce da ita bisa haƙoran Hangamau, ta dire ta a tsakiyar wani babban fili.

Filin cike yake da tabarmi, a kansu wasu dogayen halittu suna zaune sahu-sahu. Ba su da idanu, fuskarsu sumul take kamar bayan ƙwarya, hannayensu kuwa sun fi tabarya tsawo. Kowanne ya ɗaga hannu ɗaya yana riƙe da saiwa, ɗayan hannun ya yi tagumi da shi. A tsakiyarsu wata tsohuwa ce da ta fi su duka girma, saiwoyin lalle sun sauko an kitse su cikin gashinta.

Ladingo ta zo da faɗa a bakinta. Amma 'yar Tudun Sabara ba ta shiga gidan makoki a tsaye, ko na wane ne. Kafin ta ankara ta cire takalmi ta durƙusa. "Salamu alaikum. Sannunku. Ya ƙarin haƙuri?"

Suka amsa gaba ɗaya, "Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙan rai. Wa aka rasa?"

Tsohuwar ta ce, "Tudun Sabara kaf, baƙuwa. Manya da yara. Ni ce Magajiyar Saiwa, waɗannan kuwa 'yan'uwana ne masu riƙo. Ke wace ce da kika san gaisuwa haka?"

"Allah ya ja zamaninki, ni ce Ladingo 'yar Nomau. Yanzu kuka gama jiƙaina."

Wuri ya kaure da salati, wasu suka ja tabarminsu baya. Magajiya ta ɗaga hannu aka yi tsit. "Fatalwa, ba mu da abin da za mu ba ki. Koma makwancinki."

"Wallahi da raina! Kowa da ransa! Yau da safe na ji Alhaji Korau yana zagin direbansa. Wa ya ce muku mun mutu?"

"Shirun hannayenku ne ya faɗa mana. Zauna ki ji, ko da ke fatalwa ce, domin ya kamata mamaci ma ya san tarihin gidansa."

Magajiya ta gyara zama. Ta ce a shekarar da fara ta cinye gero wata mata mai suna Tarana ta iso tudun da 'ya'yanta da akuya ɗaya. Hangamau yana cin tudun kowace damina. Tarana ta zauna a bakinsa ta yi ta kuka har hawayenta suka ɗigo wa masu riƙo a ka. Suka hau suka tambaye ta, aka ƙulla alkawari: ita ta shuka a sama, su kuma su riƙe a ƙasa.

"Mu muka faɗa mata abin da saiwa ke so, ita ta faɗa mana abin da ciki ke so, a kan haka aka tsara garkar. A bakin ramin ta jera geza da sabara, domin saiwarsu tana nutsewa har inda za mu samu kamu. Bayansu ta sa anza, saboda shekarar da sama ta hana. Bayan anza magarya, don yara su sami dalilin shiga. Lalle a tsakiya kusa da rijiya, don amare su sami nasu dalilin. Ta kewaye duka da shingen aguwa saboda awaki, amma ba ta sa ƙofa ba. Ba ta yarda da dogon itace ba, ta ce abin da mace ba za ta kai hannu gare shi tana tsaye ba, ba nata ba ne. Kowane itace ta ba shi mai yaɗo ya hau, ya miƙa ya kamo na kusa da shi, har garkar ta zama raga ɗaya. Hanyoyin ciki kuwa ta karkata su kamar tafiyar maciji, don ruwan sama ya yi tafiya a cikinsu, kada ya yi gudu. Kin taɓa lura babu inda za ki bi a ciki ba ki sunkuya kin dafa wani abu ba?"

Ladingo ta ce, "Na ɗauka rashin gyara ne."

"Da gangan ne. Ta tambaye mu ladanmu. Muka ce mu ba ma gani, ba ma cin abincinku, abu ɗaya muke so: mu riƙa jin kuna nan. Duk wadda ta tsinki ganye, duk yaron da ya ja reshe, jan yana saukowa har tafin hannunmu. Ita ce gaisuwarku. Mun san kowa da hannunsa. Ke kina ja da yatsu biyu kamar mai tsoron ƙaya. Ubanki yana fizga kamar ana binsa. Korau ɗan Tasidi bahago ne, shekarar da ruwa ya ɗauke yana zuwa da asuba da kwandon uwarsa, yana tsinkar yaɗiya yana kuka, ya goge hanci da ganyen sabara. Sai jan ya fara raguwa. Sai wata rana ya ɗauke ɗif. Muka ce ko annoba ce. Muka jira damina bayan damina, hannu a sama. Mutanen da suke raye ba sa daina tsinkar ganye. Me za su ci?"

Ladingo ta sunkuyar da kai. "Shinkafa, ranki ya daɗe. Da taliya."

"A wane gefen garka aka shuka su?"

"Mota ce ke kawowa. Garkar kuwa an kulle ta ne don a girmama ta."

Wani dattijo daga cikin sahu ya ce, "Kun ji ko? Zancen fatalwa ba ya da kai."

Magajiya ta ce, "Za mu gwada ta. A kawo anza, wadda ba a jiƙa ba." Aka kawo ƙwaya ɗaya. "Mamaci ba ya jin ɗaci. Tauna."

Dogayen hannaye suka taso daga ko'ina suka dafa fuskarta, goshi da kumatu da haɓa. Ta jefa ƙwayar a baki ta tauna. Ɗacin ya tsaga mata kai har ƙeya. Fuskarta ta tattare kamar tsohuwar jaka, hawaye suka zubo, ta tofar tana cewa, "Wayyo Allah, kun kashe ni!"

"Ta yamutse! Wallahi ta yamutse! Tana da rai!"

Filin ya rikice. Masu kuka suka koma guɗa, kowa yana so ya taɓa kumatun da suka yamutse. Wanda ke riƙe da saiwar gezar da ta rataya a kai yana ta faɗa wa na kusa da shi, "Ai na ce muku an ja, kuka ce mafarki nake."

Magajiya ta bari suka lafa, sannan ta ce, "'Yar Nomau, kin faranta mana. Amma ke mutum ɗaya ce, alkawarinmu kuwa da gari aka yi shi, kuma da hannu aka yi shi, ba da labari ba. Wani tudu a yamma ya roƙe mu, mun amsa masa za mu tashi yau. Hadari ya haɗo, muna jin nauyinsa a saiwa. Ga abin da zan iya: duk saiwar da aka ja kafin ruwa ya kankama, mai ita zai zauna ya riƙe. Wadda ba a ja ba, mai ita zai naɗe tabarmarsa. Ba fushi ba ne. Ba za mu riƙe wa wanda ba ya nan ba."

Suka zaunar da ita a cikin wani ƙaton duma, suka tura shi inda ɗigon ruwa ke hawa. Ruwan ya ɗaga ta, ya bi da ita ta rijiya, ya tofar da ita a gindin lalle.

La'asar ta yi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ta ja abin da hannunta ya kai tana gudu, amma garkar ta fi ƙarfin hannu biyu. Ta fita ta nufi ƙofar gidan Alhaji Korau, inda yake zaune a kujera da mutanensa, ba ɗankwali, ba takalmi, zani a yage.

Alhaji ya ce, "Subhanallahi! 'Yar Nomau, amarya ce ta kore ki don kin ɓata mata ƙafa?"

"Kawu Alhaji, mabuɗin garka nake so. A buɗe, kowa ya shiga ya tsinki ganye, yanzun nan, in ba haka ba ramin zai ci mu yau."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce a kira mai ruƙiyya. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Wannan magana ce ta kwamiti. Ki rubuto, in an zauna bayan Salla za a duba. Kuma wa kike so ya tsinki yaɗiya a garin nan? Mu mun wuce nan, alhamdu lillahi. Ni ko ɗanɗanonta ban sani ba."

Ladingo ta matsa kusa, ta durƙusa kamar mai gaisuwa, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji. "An ce in gaida bahagon da ke zuwa da asuba da kwandon Inna Tasidi. An ce ganyen sabarar da yake goge hanci da shi bai taɓa kai ƙararsa ba."

Carbi ya tsaya a hannun Alhaji. Ya daɗe yana dubanta. Babu ɗan Adam da ya taɓa ganinsa a waɗannan asubahin, don haka ya zaɓi asuba. Ya ce a hankali, "Su wa?"

"Waɗanda ke riƙe da gidanka, Kawu. Sun ɗauka ka mutu. Sun yi maka addu'a mai kyau."

Ya miƙe ya laluba aljihu, ya shiga gida ya fito, babu wanda ya san inda mabuɗi yake. Ya fizgi gatari a hannun mai faskare ya nufi garka, babbar riga tana jan ƙasa, gari ya biyo shi don kallo. Ya sari makullin har ya ɓalle, ƙofa ta buɗe.

Sai kowa ya tsaya. Ga ƙofa a buɗe, ga iska ta taso, ga Ladingo tana roƙo har muryarta ta dushe, amma babu mai ɗaga ƙafa. Kowace mace tana satar kallon maƙwabciyarta. Duba wannan wauta da kyau, mai karatu: gari yana bakin halaka, abin da ke damun mutanensa shi ne wa zai ga wa da ganye a hannu!

Alhaji Korau ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa na bayansa. Ya sunkuya ya shiga, ya kai hannun hagu ya fizgo yaɗiya, ya cusa ganyen a baki ɗanye. Ya juyo yana tauna, idonsa ya yi ja. "Wannan ce ta raya ni, ni da ƙannena. Kai Liman, kada ka sunkuyar da kai, uwarka da tawa tare suke jiƙa anza. Hajiya, ke ma ba da taliya aka yaye ki ba. Wanda uwarsa ba ta taɓa dafa wannan ba, ya tsaya a waje mu gan shi."

Babu wanda ya iya tsayawa. Liman ya shiga, matan suka ɗaure gyale a ƙugu suka bi, 'yan makarantar da aka taso suka kwarara ciki da ihu suka faɗa wa magarya. Ana ja, ana tsinka, ana zagin ƙaya. Wata Hajiya ta cika gyalenta da garahuni tana cewa ita don maganin zazzaɓi take ɗiba, kada wani ya fassara ta. Duk inda aka ja, sai a ji reshen ya ɗan ja baya kaɗan, kamar yadda hannu ke amsa musafaha.

Saura layin geza na bakin ramin, wanda ke bayan gidan Malam Nomau. Ƙasar wurin tana motsi, babu mai son zuwa. Ɗigon farko ya faɗo. Ladingo ta kwanta rub da ciki ta ja jiki, tana kama geza ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa, tana cewa, "Muna nan! Muna nan!" Ƙarƙashinta tana jin ƙugin Hangamau. Saura 'yan kaɗan a kusurwa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, wasu samari suka kamo ƙafafunta suka janye ta tana turjewa.

Ta shiga ɗakin tsohon a jiƙe, ta zauna a bakin gadonsa ta riƙe hannunsa. Aka yi ta ruwa. Can sai ƙasa ta girgiza, aka ji rugugi a bayan gida kamar an kifar da motar duwatsu. Ta rufe ido tana salati, tana jiran bango ya tafi. Bango bai tafi ba.

Kafin magariba ruwa ya ɗauke. Ta leƙa. Kusurwar da ba ta kai gare ta ba ta zube, ta tafi da madafinta da akurkin kaji da turmi. Ramin ya tsaya daf da bangon ɗakin Baba, a inda gezar ƙarshe da ta ja take tsaye, saiwoyinta a waje, a miƙe kamar igiyar da ake ja daga ƙasa. Sauran garin ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba. Ta zauna a cikin taɓo tana dariya tana kuka.

Daga ciki tsohon ya ce, "Ladingo, an gama hayaniyar? To a ɗora mini ruwan shayi."

"Baba, madafin ya tafi."

"Da tukunyar?"

"Har da kajin."

Tsohon ya ce, "Zakaran nan dama ya ishe ni."

Ba su kwana da yunwa ba. Ganyen da aka tsinka ya yi tuli a kowane gida, kuma zubar da abinci ya fi cinsa kunya. A daren nan Tudun Sabara kaf kwaɗon yaɗiya aka ci da ƙuli-ƙuli, kwanuka suka yi ta shigowa gidan Malam Nomau har aka rasa wurin ajiyewa. Da gari ya waye aka naɗe wayar, aka sari rassan geza aka kafa a kusurwar da ta zube, ko wani daga cikin masu riƙon da suka tashi zai ji labari ya dawo.

Su sun tsira, da kyar. Kai kuma ba ka san ko nawa ne daga cikin masu riƙe maka suka riga suka naɗe tabarma ba. Ajiye wannan takarda. Je ka sami tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwarku, ka durƙusa ka roƙe ta ta kai ka inda suke tsinkar ganye tana yarinya. In an kulle wurin, ka nemi mai mabuɗi yau, kada ka jira kwamiti. In an sare, ka kafa reshe. In yana nan, ka sa hannunka da rana tsaka, kowa yana kallo, ka ja. Tashi!